Kwalayen 'Yan Bakin Tafki

Ku ne kuke cewa ɗaurin kaya ba sana'a ba ce, wai kowa ma zai iya cusa tarkace a kwali ya naɗe da salatif. Na ji ku, kuma ban yi fushi ba, don ni ma haka na ce ina ɗan shekara ashirin da biyu. Ku gyara zama, yara. Da Hausa zan yi magana. Wanda ya ga dama ya amsa min da Larabci yadda kuka saba, na san dai kunne yana ji.

Ni Haruna a nan Madina, a unguwar Sih, aka haife ni. Kakanmu ya taso daga Damagaram a ƙafa, ya sauke farali, ya zo ziyara Madina, bai sake komawa ba. Da na bar makaranta na yi shekara biyu ina zaga gari, sai mahaifina ya kama hannuna ya kai ni shagon Alhaji Bawa, wani dattijo Bakano mai ɗaure kaya yana tura su ƙasashe, abin da kuke kira shahan. Ya ce masa, "Ga ɗanka nan, Alhaji. In ya yi gardama kada ka kawo min ƙara, ka yi maganinsa da kanka."

Aikin farko da ya ba ni buhun dabino ne na wani alhaji mai komawa gida. Ya miƙo min igiya ya ce in ɗaure. Na ɗaure, har na ƙara ƙulli uku don burgewa. Alhaji Bawa ya taso ya sa yatsa ɗaya ya ɗaga igiyar, buhun ya zame ya faɗi tim. Ya juya ya koma kujerarsa. Wata shida ban taɓa kwali ba, daga ni sai igiya, har tafin hannuna ya yi kanta. Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai gajeren baki, don doguwa tana yanka kayan mutane a ciki, basilla ta ɗinke buhu, igiya, sikeli, sai alƙalami mai kaurin baki. Salatif daga baya ya shigo, kuma har Alhaji ya koma ga Allah bai yarda da shi ba. Yakan ce zafin cikin jirgi yana narkar da shi, igiya kuwa ba ruwanta da zafi.

Shi bai yi boko ba, don haka yana da alamunsa da yake sawa a kusurwar dama ta kowane kwali: da'ira in abinci ne a ciki, layi uku in tufafi ne, ɗigo biyu in mai fashewa ne, kibiya in an ƙarfafa kwalin da katako. Na ce masa ni na iya rubutu, me zan yi da zane-zane? Ya ce, "Takarda takan ɓata, yaro. Kusurwar kwali kuwa duk inda kwali ya je tana biye da shi."

Kwalin farko da na ɗaure ni kaɗai na wata tsohuwa ce 'yar Chadi, dabinon ajwa kilo goma da kwalaben turare shida. Na jera su tsaf, gefe da gefe, ina jin daɗin yadda suka zauna. Da shekara ta zagayo tsohuwar ta dawo umara. Ta shigo shago ta kwance bakin mayafinta, ta fito da dabino ƙwaya ɗaya ta ajiye a kan sikeli. Alhaji Bawa ya sansana, ya miƙo min ya ce, "Ci." Na ci. Turare ya shige shi har ƙwallo. Har yau in na ji ƙamshin irin turaren nan sai ɗanɗanon dabinon ya dawo min baki. Ranar na gane cewa kaya ma suna da maƙwabtaka, akwai waɗanda ba a haɗa su ɗaki ɗaya.

Wata Juma'a bayan la'asar, ina da shekara shida a shagon, mutum biyar suka shigo ɗauke da ledoji. 'Yan Filifin ne, Musulmi, daga kudancin ƙasarsu, kuma duk 'yan gari ɗaya. Babbansu wani siriri ne mai gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin nan, sunansa Makmud. Da gurguwar Larabcinsa ya ce kwali ɗaya suke so su biyar, don babu wanda kayansa za su cika kwali shi kaɗai. Gida biyar, kwali ɗaya, kuma kada kayan wani su shiga na wani. Na yanka kwali na yi shamaki huɗu a ciki, na ɗaura wa kowane ɓangare tsumma mai launi daban.

Makmud ya duba ya ce, "Madalla, Kaka Harun."

Na ce, "Kaka? Ni da ko aure ban yi ba?"

Sai da aka sha dariya kafin na gane a harshensu kaka shi ne yaya. Sunan ya bi ni har yau da na zama kakan na gaske. Sunan garinsu kuwa harshena ya kasa, amma da ya ce a bakin wani babban tafki yake, sai muka riƙa kiransu 'Yan Bakin Tafki.

Ku saurari hanyar da kwalin nan zai bi. Daga nan mota ta kai shi Jidda. Daga Jidda jirgin ruwa zuwa babban birninsu. Daga can wani jirgin zuwa tsibirinsu. Sai mota ta hau da shi kan duwatsu, sannan kwalekwale ya ƙetare tafki da shi. Wata uku, hannu ya fi talatin, kuma babu hannu ɗaya a ciki da ya san mai kayan. Ni a lokacin ban lissafa haka ba. Na ɗaure shi yadda nake ɗaure na Kano da na Khartum.

Bayan wata huɗu Makmud ya dawo da wasiƙa a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya karanta yana fassara min layi-layi: gindin kwali ya jiƙe ya ruɓe, garin madara ya dunƙule kamar dutse, rigunan yara sun yi fumfuna, Alƙur'anin da ya aika wa mahaifiyarsa shafukansa sun manne. Ya ninke wasiƙar ya ce, "Kaka Harun, kai ɗan Madina ne, ba ka san ruwa ba. A garinmu ruwa yana zuwa daga sama, yana zuwa daga ƙasa, yana zuwa daga gefe."

Na ɗauka Alhaji Bawa zai kore ni. Sai ya ce wa Makmud, "Ka ba shi wata ɗaya. In bai gyara ba ni da kaina zan raka ka shagon wani."

Akwai wani abokin mahaifina mai gonar dabino a Awali, nan gefen Madina. Na ɗaure kwali da tsummokara da jaridu, na kai na ajiye a magudanar ban ruwa, ruwa na taɓa gindinsa, na bar shi kwana uku. Na buɗe, ya jiƙe sharkaf. Na sake da leda ɗaya, ruwa ya bi ta ramin basilla. Na sake da leda biyu, gindi ya ɓurme. Masu aikin gonar har suna tambayar ko aljanu ne suka shafe ni. A karo na biyar na samo kanta: leda mai kauri biyu a ciki, a ninke bakin sau uku kafin a ɗinke, gindi ninki biyu, sannan siraran katako biyu a ƙasa su ɗaga kwalin daga daɓe. Na kira Makmud ya yanka da hannunsa. Ya zaro jarida ya murza ta a kunnensa, ta yi ƙara, a bushe take. Ya ce, "Juma'a za mu kawo kaya."

Daga kwalin mutum biyar ɗin nan ƙungiyarsu ta fara. Ba su da ofis, ba su da hatimi, ba su da allo a ƙofa. Duk Juma'ar farkon wata sukan kama istiraha a Awali, irin gidajen hutun nan na cikin gonaki, su dafa shinkafarsu da kifi da wani yaji mai sa hawaye, kowa ya faɗi abin da zai aika, a haɗa masu rabin kwali da masu rabin kwali. Duk ɗan garinsu da ya sauka a Madina, ɗalibi ne ko direba ko mai gyaran lantarki, akwai mai tarbarsa, akwai inda zai kwana. In wani ya kwanta asibiti akwai mai zama da shi. In ya rasu su suke tsayawa a yi masa sutura, sannan su kawo min kayansa in ɗaure wa iyalinsa. Irin wannan kwalin ba a hira a kansa, kuma rigar da mutum ya fi sawa ita nake sawa a sama, don ita za a fara gani.

Da mata ma'aikatan jinya suka fara zuwa, sai aka samu Nuraida. Gajeriya ce, mai kaifin murya, tana aiki a ɗakin haihuwa. A taro maza suna ɓangarensu mata suna nasu, ita kuwa takan tsaya a bakin ƙofar tsakiya ta yi magana kowa ya ji. Ita ta kawo dokar da ta mai da su ƙungiya ta gaske. Ta ce a garinsu akwai gidajen da ba su da kowa a waje, yaransu suna tsayawa suna kallo in ana buɗe kwalin maƙwabta. Don haka duk kwalin da zai tafi, a bar faɗin tafin hannu biyu a gefe ɗaya, a cika shi da kayan irin waɗannan gidajen. An yi gardama, amma doka ta zauna. Ni ne mai aunawa. Wasu sukan ce, "Kaka Harun, hannunka ya cika faɗi," in ce haka Allah ya yi shi.

Kekunan ɗinki takwas da suka saya wa matan da mazansu suka mutu, su suka koya min haƙuri. Keken ɗinki ba a tura shi a tsaye. Za ka cire kan, ka tsiyaye mai sarai, in ba haka ba ya bi yadi ya ɓata. Ka cire allura, ka ɗaure wilin kada ya juya, ka naɗe kan da bargo, ka yi masa gida da katako, ƙafafun su tafi daban. Kowace ƙusa da kowane noti a ƙaramar leda, a ɗinke ta a jikin bargon, don in noti ɗaya ya ɓata babu shagon da za a same shi a bakin tafki. Kwana goma sha ɗaya na yi a kansu. Alhaji Bawa a lokacin ƙafa ta ƙi, yana zaune yana nuni da sanda. Su ne aiki na ƙarshe da ya duba min. Kafin su isa ya rasu, 'ya'yansa suka bar min shagon.

Rabin sana'ar nan kuma iya cewa a'a ne. Wani ya taɓa zuwa min da ɗan itacen dabino daga Badar, da saiwarsa da ƙasarsa, wai zai dasa a ƙofar masallacin garinsu don albarka. Na ce ba ya wucewa, in aka kama shi a tasha kwalayen mutum ashirin za su tsaya saboda shi. Ya roƙe ni, ya kawo Makmud ya sa baki, na ce a'a. Wata uku ba ya gaishe ni. Wasu kuma sukan ɓoye turare a cikin safa, ko batir a cikin takalmi. Sai ka koyi jin nauyin safa a hannu. Ba ka kunyata mutum a gaban 'yan uwansa, sai ka ja shi gefe ka ce, "Wannan safar ta yi ƙiba, je ka rage mata."

To, yanzu mu zo muguwar shekara. Lokacin ƙungiya ta haura shekara ashirin, mutanenta sun fi ɗari. Yaƙi ya ɓarke a yankinsu, ya cinye garin. Cikin 'yan kwanaki kowa ya gudu, wasu makarantu, wasu gidajen dangi a wasu garuruwa. Gidan Makmud ya ƙone, ya yi kwana tara bai san inda matarsa take ba, kuma a kwanakin nan bai fasa zuwa aiki ba. Mu kuma muna da kwali sittin da uku da suka riga suka isa tashar jirgin tsibirin, suna jibge a wani sito. Kowanne da sunan mai shi da unguwarsa, ga shi babu unguwar. Wakilin da yake rarraba su ya gudu da iyalinsa. Damina ta kama a can.

Aka kira taro a Awali. Ni na je ne kai musu kwalaye, sai na tarar ana hayaniya. Nuraida tana bakin ƙofa tana cewa a buɗe duka a raba wa masu gudun hijira, mutane suna kwana a kan siminti. Wani direba mai suna Abdulkarim ya miƙe. Shekara uku yana tara kayan auren 'yarsa, yadi da tukwane da labule, duk suna cikin kwali ɗaya a siton nan. Ya ce, "Gidana ya tafi. Abin da ya rage min a duniya kwalin nan ne. Babu wanda zai sa masa wuƙa."

Wani daga baya ya ce, "Ashe yadi ya fi maka rayukan mutane."

Nan wuri ya yamutse. Masu goyon bayan Abdulkarim suka fara neman takalmansu. Na ga ƙungiyar da na san haihuwarta tana shirin rabewa biyu a gabana. Makmud ya buga tire da cokali har aka yi shiru, ya juyo ya ce, "Kaka Harun, kai ka ɗaure su. Me ka gani?"

Na ce, "Ni ba ɗan ƙungiya ba ne, ba ni da bakin magana a kan kayan mutane. Amma kwali na sani. Akwai waɗanda ko kun buɗe ko ba ku buɗe ba, nan da wata biyu sun lalace. Akwai waɗanda za su yi shekara ba abin da ya same su. Ku daina faɗa a kan duka, ku fara raba su gida biyu."

Nuraida ta ce, "Ta yaya za a sani ba a buɗe ba? Takardun duk kayan amfanin gida aka rubuta."

Na ce, "Wa kuke da shi kusa da siton?"

Makmud yana da ƙane a can, Usman. Na ce ya je da wayarsa ya ɗauko min hoton kusurwar dama ta kowane kwali, da sunan da ke jiki. Kwana biyu yana ɗaga kwalaye yana turowa. Na zauna a shago da tabarau ina duba alamun Alhaji Bawa ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da ɗaya masu da'ira, abinci ke nan, dabino da madara da shinkafa da man girki. Goma sha bakwai masu layi uku. Sauran masu ɗigo ne da masu kibiya. Wasu ma ko ba alama na tuna su, don hannu ba ya manta abin da ya jera. Na ce wa Usman na wane akwai barguna huɗu a ƙasa, na wance akwai fitila mai caji a gefen hagu.

Aka bi masu kwalayen abinci ɗaya-ɗaya ana neman izini. Duk suka yarda sai mutum biyu, aka bar musu nasu. Masu tufafi aka ce kowa ya zaɓa, yawancinsu suka ce a buɗe. Na Abdulkarim kibiya ce a jikinsa, katako shida na sa masa. Na ce masa, "Naka zai jira ka." Ya jira kuwa. Bayan wata goma sha huɗu aka kai wa matarsa, aka yi bikin da kayan. Amma maganar da aka jefa masa a taro ba ta fita daga ransa ba. Ya bar ƙungiya, kuma har yau bai koma ba. Yana kawo min kayansa ranar Talata, don kada ya haɗu da kowa. Wanda ya faɗi maganar ya ba shi haƙuri ya fi sau uku. Ba duk abin da ya tsage ne basilla take ɗinkewa ba.

Kayan agajin da suka biyo baya wani aiki ne daban. Nuraida ta zo shago ta ce manyan kwalayena ba su da amfani yanzu. Mutane suna tashi daga wannan makaranta zuwa waccan, yawancinsu mata ne da yara. Tana son kwalin da mace ɗaya za ta iya ɗauka, kuma iyali ɗaya su rayu da abin da ke ciki: tukunya, bargo biyu, tabarma, sabulu, fitila, hijabi, kayan jarirai. Na ce ba a sayar da irin wannan girman. Ta ce, "To ka yi shi." Na yanka manyan na mai da su ƙanana, na yi wa kowanne hannu da igiya, na naɗe hannun da tsumma kada ya yanki tafi. Na cika ɗaya na ce ta ɗauka. Ta zaga shagon da shi sau biyu ta ce a rage kilo biyu. Aka cire tukunyar ƙarfe aka sa ta alminiyam.

Kwali ɗari da goma sha biyu muka ɗaure cikin kwana tara, a rumfar gona, a tsakiyar zafi. Kowa ya tashi daga aiki ya zo, kowa kuma da sunansa yake aika nasa, don kada a taka dokar ƙasa. Mata suna jerawa, maza suna ɗinke leda, ɗaurin igiya kuwa ban bar wa kowa ba. A rana ta huɗu babban yatsana na dama ya tsage har nama. Nuraida ta wanke ta naɗe ta ce in huta. Na koma ina ɗaurewa da hagu. Da muka gama, kamfanin da nake hulɗa da shi a Jidda ya ce ba ya kai kaya tsibirin nan sai ƙura ta lafa. Sau uku ina zuwa Jidda ina bin ofis-ofis, har na sami wanda zai sauke a wata tasha ta kusa, Usman ya ɗauka daga can. Lokacin aikin hajji ne, lokacin da mai shago irina yake samun na shekara. Na mayar da alhazai da yawa da kayansu, kuma manyan abokan cinikina biyu suka koma wani shago ba su dawo ba. Da za a sake, haka zan sake yi.

Gari ya fara dawowa a hankali, rabi gini rabi kango. Ƙungiya ma ta canza. Yaran da suke zuwa yanzu ba su cika aika kwali ba, ta waya suke saya wa iyayensu abu a can a kai musu har ƙofa. Nuraida ce shugabarta yanzu, ta mai da hankali kan kekunan guragu da kayan makaranta. Kwalaye sun ragu, amma waɗanda suka rage su ne masu wuya.

Bara Makmud ya zo min da takardar fita ta ƙarshe, zai koma gida gaba ɗaya. Gwiwa ta hana shi hawa tsani, shekara talatin da huɗu yana gyara wa mutane sanyi. Ya ce in ɗaure masa kayansa. Na ware babban kwali, na yi masa gindi biyu, na sa leda. Ya sauke abin da ya kawo: riguna huɗu, jallabiya biyu, bargo, butar shayi, Alƙur'ani, da akwatin kayan aikinsa. Na jera. Ko rabi ba su kai ba.

Na ce, "Sauran fa?"

Ya ce, "Su ke nan, Kaka Harun."

Na ce, "Kwali rabi ba ya tafiya. In aka ɗora masa wani a jirgi, murƙushewa zai yi."

Ya ce, "To ka cika da jarida."

Na ce ya ba ni zuwa Juma'a. Ban cika da jarida ba. Na kira Nuraida na faɗa mata abin da na gani, ban ƙara komai a kai ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar titin shagona ya cushe. Wannan da sallaya, wannan da agogon bango, wannan da yadin matarsa, ɗalibai da littattafai, ma'aikatan jinya da abin awon jini da abin ɗaure gwiwa. Wani da ya sauka a Madina wata biyu kacal ya kawo safa ƙafa uku, ya ce a ɗakin Makmud ya kwana daren farko. Abdulkarim bai zo ba, amma tun Talata ya bar min sabuwar fanka ya ce kada in faɗi mai ita. Ni na sa dabinon ajwa kilo biyar. Kwali ɗaya ya zama uku, ukun ma sai da na hau kai da gwiwa kafin baki ya haɗu.

Makmud yana tsaye a gefe yana kallo. Da na ja ƙullin ƙarshe ya matso ya kama igiyar kwalin farko zai ɗaga. Kwali bai motsa ba. Ya sake gwadawa da hannu biyu, ko gezau. Sai ya juya ya zauna a kai, ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Muka tsaya muka jira shi, direban motar Jidda ma ya kashe inji ya jira.